Yadda ake zaunar da PostgreSQL 14 da 16 a saba ɗaya ba tare da sun taka juna ba

Akwai wani Alhaji da nake kula wa da kwamfutocinsa, mai sarin kayan masarufi a Nima cikin Accra, yana da reshe a unguwar Madina. Sabarsa, wato kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta, ɗaya ce tal, tana ƙarƙashin tebur a ofishin bayan shago, Ubuntu 22.04 ke kanta, kuma manhajar lissafin kayansa ta yi shekaru tana aiki da PostgreSQL 14, wato siga ta 14 ta manhajar da ke riƙe rumbun bayanai. Da ya so a ƙara wata manhaja ta karɓar oda da tantance biyan MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, masu ita suka ce a kan 16 suka gwada tasu. Mai tsohuwar kuma ya ce kada wanda ya taɓa masa 14. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu sai na sayi wata kwamfutar ke nan? Ka dai san yadda dala take." Na ce, "A'a Alhaji, wannan ɗin ma za ta ɗauke su duka biyun, in sha Allahu."

Girkawar ba ta da wuya, ba ta kai rabin sa'a ba. Inda ake jin jiki shi ne bayan an girka, lokacin da mutum zai buga umarni yana zaton da wannan yake magana, alhali wancan ne ke amsa masa. Saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Abin da suke raba da abin da ba sa raba

Duk wanda ya zauna gidan haya a Nima ko Maamobi ya san tsarin. Kowa da ɗakinsa da ƙofarsa da makullinsa, amma mita ɗaya ce, famfo ɗaya ne. Haka sigogi biyu na PostgreSQL suke zama. Kowace siga dole ta sami abubuwa huɗu nata na kanta: foldar da take ajiye bayanai, fayilolin saiti, fayil ɗin rahoton abin da ke faruwa, da ƙofa, wato lambar da manhajoji ke bi su iso gare ta. Ƙofar da PostgreSQL ya saba ɗauka ita ce 5432. Abin da suke tarayya a kai kuwa shi ne RAM da diski da ƙarfin injin, kuma a nan rigimar maƙwabta take tasowa.

A Ubuntu da Debian an riga an tsara wannan zaman. Akwai wani kunshi mai suna postgresql-common wanda ke raba wa kowace siga wurinta, kuma duk siga mai aiki da foldarta da ƙofarta ana kiranta kulasta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan tsarin yake.

Kafin ka taɓa komai

Zaɓi lokaci. Kada ka fara wannan aiki ranar Laraba da kasuwar Nima ke cike, masu saye sun yi layi a kanta. Bari a rufe shago, bayan Isha'i ko safiyar Lahadi.

Duba abin da ke ƙasa tukuna:

    pg_lsclusters
    df -h
    free -h

Na farko zai nuna maka kulastar da ke akwai, na biyu sararin diski, na uku RAM. Idan za ka kwashe bayanai daga tsohon zuwa sabon, ka tabbata sararin da ya rage ya ninka girman rumbun bayanan sau biyu aƙalla, domin kwafin ajiya zai ci wuri, sabon rumbun ma zai ci nasa.

Sai ka ɗauki kwafin komai da komai:

    sudo install -d -o postgres /var/backups/pg
    sudo -u postgres pg_dumpall -p 5432 -f /var/backups/pg/kafin_aiki.sql

Kwashe wannan fayil ka kai shi wata na'ura dabam ko faifan waje. Kwafin da ke kwance a diskin da kake shirin yi wa aiki bai gama zama kariya ba.

Girka siga ta biyu

Kowane Ubuntu da sigar da yake zuwa da ita: 20.04 ya zo da 12, 22.04 da 14, 24.04 da 16. Tunda muna kan 22.04, ba za mu sami 16 a ma'ajiyar Ubuntu ba, sai mun haɗa da ma'ajiyar masu PostgreSQL ɗin kansu, wadda ake kira PGDG:

    sudo apt install postgresql-common
    sudo /usr/share/postgresql-common/pgdg/apt.postgresql.org.sh
    sudo apt install postgresql-16

Ka lura na rubuta lambar, postgresql-16. Kada ka rubuta postgresql kawai, domin wannan sunan yana jawo sigar da ta fi kowace sabunta a ma'ajiyar, ko wace ce. Kuma idan da ma da wannan sunan marar lamba aka girka 14 tun farko, wata rana za ka yi apt upgrade ka wayi gari da siga ta uku da ba ka gayyata ba. Ka kuma sani cewa daga yanzu gyare-gyaren 14 ɗin ma daga PGDG za su riƙa zuwa, kuma duk sanda aka sabunta kunshin sai an sake tayar da rumbun. Don haka sabunta saba ma ya zama aikin bayan an rufe shago.

Da an gama, sake buga pg_lsclusters. Ya kamata ka ga layi biyu: 14 main a ƙofa 5432, da 16 main a ƙofa 5433, kowanne da kalmar online. Ba kai ka zaɓi 5433 ba, tsarin ne ya ga an riga an kama 5432 ya ɗauki ta gaba.

Ga inda kayan 16 suke, na 14 ma haka suke sai dai a canja lambar:

    /usr/lib/postgresql/16/bin            manhajojin kansu
    /var/lib/postgresql/16/main           bayanai
    /etc/postgresql/16/main               saiti
    /var/log/postgresql/postgresql-16-main.log     rahoto

Kada ka taɓa nuna wa 16 foldar bayanan 14 da nufin gajarta hanya. Tsarin ajiyar manyan sigogi ya bambanta, zai ƙi tashi ya ce fayilolin ba su dace da shi ba.

Wani ƙaramin abu da ya shafe mu musamman: buga sudo -u postgres psql -p 5433 -l ka duba cewa sabon yana kan UTF8. A sabar da ba a saita harshenta ba, kulasta tana iya fitowa da SQL_ASCII, daga nan sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ na sunayen mutane da alamar sidi ta ₵ suna rikiɗewa a rasit. Tunda har yanzu babu komai a ciki, gyaran mai sauƙi ne: ka rushe ta da pg_dropcluster --stop 16 main, ka sake ta da pg_createcluster --locale en_US.UTF-8 --start 16 main. Karanta lambar sau biyu kafin ka danna, domin pg_dropcluster ba ya tambayar ko ka tabbata, share foldar bayanai yake yi gaba ɗaya.

Da wa kake magana?

Idan ka buga psql kawai ba ka faɗi ƙofa ba, 5432 zai je, wato tsohon. Idan ka buga psql --version, zai ce maka 16, domin tsarin yana zaɓar psql mafi sabunta da ke kan injin. To ka ga inda ruɗun yake: kayan aikin hannunka na 16 ne, amma rumbun da ka shiga na 14 ne. Na ga yaron da nake koya wa aiki ya ƙirƙiri tebura shida a tsohon rumbu yana da yaƙinin a sabon yake, saboda ya dogara da wannan amsar. Na ce masa, "Ƙanena, kada ka tambayi psql ko shi wane ne, tambayi wanda ya buɗe maka ƙofa."

    sudo -u postgres psql -p 5433 -c "SHOW server_version;"
    sudo -u postgres psql -p 5433 -c "SHOW data_directory;"

Wannan ita ce amsar da ba ta kuskure. Za ka iya kuma kiran kulasta da sunanta, psql --cluster 16/main, wanda wasu suka fi so saboda ba sai sun riƙe lambar ƙofa a ka ba.

Abin da na fi ba da shawara shi ne ka sa lambar ƙofar ta riƙa bayyana a gabanka kullum. A fayil ɗin .psqlrc na mai amfani da sunan postgres, wanda gidansa yake /var/lib/postgresql, saka wannan layi:

    \set PROMPT1 '%n@%>:%/%# '

Daga nan duk sanda ka shiga za ka ga wani abu kamar postgres@5433:oda# a farkon layi. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ido ya yi nauyi, wannan lambar ita ke hana ka goge abin da ba shi ka yi niyya ba.

Haka wajen kunnawa da kashewa. Umarnin da kowa ya saba, systemctl restart postgresql, yanzu yana tayar da su duka biyun lokaci ɗaya. Kana gyaran sabon, sai ka katse wa mai kanta cinikinsa a tsohon. Kira kowanne da sunansa:

    sudo systemctl restart postgresql@16-main
    sudo pg_ctlcluster 16 main reload

Rabon RAM

Kowace kulasta tana zaton ita kaɗai ce a gidan. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ba shared_buffers, wato RAM ɗin da kulasta ke keɓe wa bayanan da take aiki da su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na RAM, amma wannan lissafin na saba mai rumbu ɗaya ne. Sabar Alhaji 8GB ce, kuma an riga an ba 14 ɗin 2GB. Da na ƙara wa 16 wani 2GB, ga manhajojin kansu suna ci, da an matsu. Abin da na yi shi ne na raba wancan 2GB ɗin: 1GB ga kowanne, na zuba ido mako guda. Sabuwar kulasta da 128MB take zuwa, wanda ya isa gwaji amma ya yi kaɗan ga aikin gaske.

Ka duba max_connections ma, wato iyakar haɗin da kulasta ke karɓa a lokaci ɗaya, wanda yake zuwa a 100, da work_mem mai 4MB, wato RAM ɗin da tambaya ke aiki da shi. Shi work_mem ba sau ɗaya ake ɗaukarsa ba, kowane jere ko haɗin tebura a kowace tambaya yana iya cin nasa. Shagon da ke da kwamfutoci bakwai ba ya buƙatar haɗi 100 a kowane ɓangare. Idan RAM ya ƙare ƙaf, Linux yana zaɓar wani aiki ya kashe, kuma idan na PostgreSQL ya kashe, duk masu haɗe da wannan kulastar za su faɗi tare, ko da ba ita ta jawo matsin ba. Canja shared_buffers ko max_connections sai an sake tayar da kulastar kafin ya kama.

Buɗe ƙofa ga sauran kwamfutoci

Sabuwar kulasta ba ta gaji saitin tsohuwar ba ko kaɗan. Tana sauraron cikin injin ne kawai. Idan manhajar a kan sabar take, shi ke nan, ka bar ta haka. Idan daga wasu kwamfutocin ofis za a shigo, ka gyara listen_addresses a /etc/postgresql/16/main/postgresql.conf ka sa adireshin sabar na cikin gida, sannan ka ƙara layi a pg_hba.conf na foldar 16 ɗin, fayil ɗin da ke faɗin wanda aka yarda ya shigo (a nan oda sunan rumbun ne, mai_oda kuma sunan mai shiga):

    host  oda  mai_oda  192.168.1.0/24  scram-sha-256

Sai katangar tsaro:

    sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 5433 proto tcp

Reshen Madina ta VPN yake shigowa, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet. Ban yarda a buɗe ƙofar rumbun bayanai ga intanet kai tsaye ba, kuma kasancewarta 5433 maimakon 5432 ba ya ɓoye ta ga masu laluben ƙofofi.

Idan za ka kwashe wani rumbu zuwa sabon

Ƙa'idar ita ce ka yi amfani da pg_dump na sabuwar siga. Sabon yana iya karanta tsohon rumbu, tsohon kuwa zai ƙi taɓa rumbun da ya fi shi sabunta. Kuma ba kamar psql ba, idan ka buga pg_dump kawai, na kulastar da ya nufa ake ɗauko maka. Don haka rubuta cikakkiyar hanya:

    sudo -u postgres /usr/lib/postgresql/16/bin/pg_dumpall -p 5432 --globals-only -f /var/backups/pg/masu_shiga.sql
    sudo -u postgres psql -p 5433 -f /var/backups/pg/masu_shiga.sql
    sudo -u postgres /usr/lib/postgresql/16/bin/pg_dump -p 5432 -Fc -f /var/backups/pg/kwastomomi.dump kwastomomi
    sudo -u postgres /usr/lib/postgresql/16/bin/pg_restore -p 5433 -C -d postgres /var/backups/pg/kwastomomi.dump
    sudo -u postgres /usr/lib/postgresql/16/bin/vacuumdb -p 5433 --analyze-only kwastomomi

Layi biyun farko suna kwashe masu shiga da kalmomin sirrinsu, waɗanda pg_dump ba ya ɗauka. Za ka ga ƙorafin cewa postgres ya riga ya wanzu, wannan ba komai. Layin ƙarshe mutane da yawa suna tsallake shi, sai su dawo suna cewa sabuwar siga ta fi tsohuwar nauyi, alhali ba ta riga ta ƙidaya abin da ke teburanta ba ne shi ya sa take zaɓar doguwar hanya. Idan rumbun yana amfani da wani ƙari kamar PostGIS, girka na 16 tukuna, postgresql-16-postgis-3, domin ƙarin 14 ba ya yi wa 16 aiki.

Abubuwa biyu za su iya tare ka. Tun daga siga ta 14 ake adana kalmar sirri da scram-sha-256, kafin nan md5 ne. Idan masu shigan naka tun zamanin 12 ko 13 aka yi su, kalmominsu suna nan a md5, kuma layin pg_hba.conf mai neman scram-sha-256 zai ƙi su ko da sun rubuta daidai. Maganin shi ne ka shiga sabon ka sake saita kalmar da \password sannan sunan mutumin. Na biyu, tun daga 15 ba kowa ke da izinin ƙirƙirar tebur a sashen public na sabon rumbu ba. Idan sabuwar manhaja ta ce permission denied for schema public, ka sa mai shigan manhajar ya zama mamallakin rumbun: ALTER DATABASE oda OWNER TO mai_oda.

Kwafin dare

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Na kwashe rumbun kwastomomi zuwa 16, manhajar ta koma 5433, komai na tafiya. Amma umarnin da ke ɗaukar kwafi kowane dare tun da can aka rubuta shi, babu lambar ƙofa a cikinsa, kuma tsohon rumbu mai wannan sunan yana nan zaune a 14. Kowane dare yana zuwa 5432 ya kwafi bayanan da ba sa motsi, bai taɓa kawo ƙorafi ba. Sai da na buɗe foldar bayan kusan mako uku na ga fayiloli jere, girmansu ɗaya babu bambancin ko baiti guda. Gabana ya faɗi. A wannan tsakanin an ɗauke wuta ya fi sau nawa, da diskin ya tafi, da bashin da kwastomomi suka ci na makonnin nan ya tafi da shi. Washegari na je na gaya wa Alhaji da bakina. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, Allah ya kiyaye gaba. Yanzu ya za a yi kada a sake?"

Ga abin da nake yi tun daga ranar. Duk umarnin kwafi yana ɗauke da -p da cikakkiyar hanyar pg_dump, kuma lambar sigar tana cikin sunan fayil ɗin. Duk rumbun da na kwashe, a daren nake canja wa tsohonsa suna:

    sudo -u postgres psql -p 5432 -c "ALTER DATABASE kwastomomi RENAME TO kwastomomi_tsoho;"

Da haka duk wata manhaja ko umarni da ya ɓata hanya zuwa tsohuwar ƙofa zai faɗi nan take da ƙara, na sani. Sannan sau ɗaya a wata ina mayar da kwafin jiya cikin wani rumbun gwaji, na nemi cinikin ƙarshe na jiya da yamma na gani da idona.

Maganar wuta kuma, UPS, batirin da ke riƙe injin idan an ɗauke wuta, ba abin ado ba ne ga sabar da ke ɗauke da rumbu biyu. PostgreSQL yana iya farfaɗo da kansa bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta, muddin ba a kashe masa fsync ba, saitin da ke tabbatar da bayanai sun sauka a diski. Idan wani ya ce ka kashe shi don injin ya ƙara sauri, kada ka yarda, a kowace kulasta.

Masu MySQL

Ga masu amfani da MySQL, wata manhajar rumbun bayanai dabam, hanyar ba ta da santsi haka, domin kunshin mysql-server da na mariadb-server a Ubuntu ba sa zama tare, girka ɗaya yana korar ɗayan. Na fi ganin sauƙi a bar na farko a ƙofarsa ta 3306, a saka na biyu cikin Docker, mai killace manhaja a akwatinta dabam, a fito da shi ta 127.0.0.1:3307, da foldar bayanai tasa dabam. Wannan 127.0.0.1 ɗin yana da muhimmanci, domin ƙofar da Docker ya buɗe tana tsallake dokokin ufw.

Ranar sallamar tsohon

Zaman biyu na wucin gadi ne. Kowace babbar siga shekara biyar ake kula da ita: 12 ta ƙare a Nuwamba 2024, 13 a Nuwamba 2025, wa'adin 14 kuma Nuwamba 2026 ne. Ita 16 a Satumba 2023 ta fito, tana da sauran tafiya. Don haka tun ranar da muka girka na roƙi Alhaji ya matsa wa mai tsohuwar manhajar ya gwada ta a 16, tunda ga shi nan a injin, gwajin ba zai ci ko sidi ɗaya ba.

Idan ranar ta zo, kada ka rushe 14 nan take. Tsayar da ita da pg_ctlcluster 14 main stop, ka buɗe /etc/postgresql/14/main/start.conf ka mayar da auto zuwa manual don kada ta tashi idan an kunna injin. Mayar wa 16 da RAM ɗin da ka rage mata. Akwai umarnin pg_upgradecluster da ke yin ƙaurar gaba ɗaya har ya musanya ƙofofin, amma yana buƙatar a ce babu wata 16 main, kuma taka tana cike da bayanan oda, don haka hanyar pg_dump ɗin nan ta sama ita ce taka. Bar 14 a kwance har a rufe lissafin wata guda cif, akawu ya ce alƙalumansa sun daidaita. Sannan ka ɗauki kwafin ƙarshe ka kai waje, ka buga pg_lsclusters ka karanta layin da kyau, kafin ka rubuta sudo pg_dropcluster 14 main.